Ɗakin da Muka Gina wa Baba

Ranar sadakar uku ina zaune a tsakar gida kusa da Inna, mata sun cika ko'ina, sai wata cikin masu zuwa gaisuwa ta tashi ta leƙa ɗakin da Baba ya cika a ciki. Ta daɗe tana kallo. Da ta dawo kan tabarma ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Kai, Malam ya more 'ya'ya! Tayil har rabin bango, ga tagar gilashi, ga na'urar sanyaya ɗaki. Wasu a ɗakin ƙasa suke ƙare rayuwa, shi kuwa dubi inda ya cika."

"Wallahi kuwa," in ji ta kusa da ita. "Allah Ya ba mu masu yi mana haka."

Aka amsa da amin daga kowace kusurwa. Inna ba ta ɗago ba, carbinta kawai take ja. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Goggo, ƙanwar Baba, ta dafa gwiwata tana cewa in yi haƙuri, kowa hanyarsa ke nan. Ta zaci kukan rashi ne yake neman ƙwace mini. Ba shi ba ne. Ji nake kamar in tashi in kama hannun matar nan in shigar da ita ɗakin, in ja ƙofa, in bar ta daga azahar zuwa la'asar, sannan in tambaye ta ko har yanzu tana roƙon Allah Ya ba ta masu yi mata haka.

A ƙofar gida ma, inda maza suke, maigidana ya ce yabo ake ta zubawa. An yi rashin magini, irinsu sun ƙare, Gumel ta yi asara. Mafi ɗaga murya a cikinsu wani Alhaji ne da ya taɓa korar Baba daga filinsa yana kiransa ɗan ƙauye. Yanzu da Baba ya kwanta dama, kowa ya san darajarsa. Shi ya sa na ɗauki biro. Ina so a san ko wane ne shi, a kuma san abin da muka yi masa, ni da Yaya, da sunan gata.

Baba magini ne, ɗan magini. Daga Ɗanzomo kakanmu ya taso da sana'ar ya zauna a Gumel, Baba kuma ya tashi a cikin kwaɓin ƙasa. Ya yi gini a Maigatari, ya yi a Gagarawa, ya yi a ƙauyukan Sule Tankarkar da ban ma san sunayensu ba. Tafin hannunsa kamar ƙirgi yake. Amma abin da aka fi saninsa da shi ba ƙarfin hannu ba ne, jinkiri ne. In ka kira shi gini, ranar farko ba ya zuwa da igiyar awo. Zai zo ya zauna a filin da hantsi, ya dawo da azahar, ya sake dawowa da la'asar, yana duba inda rana take duka da inda iska take shigowa. Zai nemi tsohon da ya fi daɗewa a unguwar ya tambaye shi ta ina ruwa yake bi da damina. Bayan nan sai ya ce a yi masa sallama da matar gidan.

Nan ne maza suke tsayawa. "Malam, ni na kira ka. Me ya haɗa ka da iyalina?"

"Kai da sassafe za ka fice kasuwa, sai magariba," yakan ce. "Ita za ta wuni a ciki. To wa ya kamata in tambaya?"

A cikin masu gaisuwar akwai wata dattijuwa da ta taso tun daga Gagarawa Tasha a motar haya. Ba wanda ya san ta a gidanmu. Ta jira sai da aka ragu, ta matso ta ce mini Baba ne ya gina gidan mijinta shekaru da yawa da suka wuce. Ta ce ta bayan labule ya yi mata magana, ya ji tana tari, ya tambaye ta ko hayaƙi ne. Ta ce eh, tun tana budurwa hayaƙi yake toshe mata ƙirji. Washegari ya tuge turakun da aka riga aka kafa, ya mai da madafa can ɓangaren da iska za ta kwashe hayaƙin ta fitar, ya bar mata ƙofofin iska biyu a sama. Mijinta ya yi ta mita an ɓata masa kwana guda. "'Yar nan," ta ce, "ban da uwata, ba wanda ya taɓa tambayata abin da ke damuna a wurin girki sai mahaifinki." Ita kaɗai ce a duk taron na ji gaisuwarta ta shiga raina.

Masu cewa Baba yana ƙin siminti ba su san shi ba. Da hannunsa yake ɗaure gindin katangar ƙasa da siminti, don ya ce ruwa ta ƙafa yake kama gini. In mutum ya ce shi bulo yake so, ba ya musu da shi. Zai dai ce a murza bulon da yatsa kafin a saya, in ya zube kamar garin rogo a bar wa mai shi kayansa. Zai ce ƙasarmu rairayi ce, a zurfafa tushe ko da za a rage ɗaki ɗaya. A ɗaga bango ya yi tsawo, a sa taga biyu suna kallon juna ta kudu da arewa, a bar yamma ga rumfa ko bishiya. Kada a malale tsakar gida duka da siminti, ruwa yana neman inda zai nutse. A nisanta masai da rijiya, har rijiyar maƙwabci. Game da rufin kwano kuwa yana da maganarsa da yara ma suka haddace: "Kwano kusa da ka tanda ce, kai ne wainar."

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Baba yana da baki, kuma ba ya jiran a tambaye shi. Yana tafiya a hanya zai tsaya gaban ginin da ba nasa ba, ya kira mai shi ya lissafa masa kurakurai a gaban leburori. Ayyuka da dama sun kuɓuce masa saboda haka, mu kuma muka sha tuwo ba man shanu. Muna yara mukan ji kunya in an ce ga babanku can yana faɗa da birkila.

Rigimarsa da Alhajin da na ambata ita ta fi zama a bakin mutane. Alhajin dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, ya sayi fili a bakin kududdufin wata unguwa, ya sa ana cike kududdufin da shara da ɓaraguzai zai tayar da bene. Ya aiko a kira Baba ya duba masa tushe. Baba ya zagaya filin, ya dawo ya ce ba zai sa hannu ba.

"Malam, filina ne, dukiyata ce," in ji Alhaji.

"Filinka ne, Alhaji, amma ruwan na unguwa ne. Tun kafin a haife ka nan yake sauka. In ka toshe masa, ɗakin wa zai shiga?"

"Injiniya na ɗauko daga birni, ya ce ba matsala."

"Injiniyan a unguwar nan zai yi damina?"

Nan Alhaji ya hasala, ya ce a fitar masa da tsohon nan, ɗan ƙauye da bai san komai ba sai kwaɓa laka. Aka gina bene. Damina ta biyu ruwa ya zo bai sami gidansa ba, ya juya ya shiga na talakawan da ke ƙasa da benen. Katangu suka jiƙe ta gindi suka zube. Abin da ya fi ƙona wa Baba rai shi ne abin da mutane suka ce bayan haka, wai ai dama ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Ya dawo gida ya ƙi cin abinci. "An toshe wa ruwa hanya," ya ce wa Inna, "sannan a ce ƙasa ce ta yi laifi." Da ruwa ya ɗauke ya kwashi kayan aikinsa ya je ya tayar wa wata gwauruwa ɗakinta da ya faɗi, ya ɗaga mata dandamali ya kai gwiwa. Benen Alhaji yana nan tsaye har yau, ko tsagewa bai yi ba. Wannan ma yana cikin abin da nake jin haushi.

Yaya, babban ɗan Baba, ma'aikacin gwamnati ne, Allah kuma Ya buɗa masa. Da ya gama gidansa a sabuwar unguwa ya ɗauki Baba a mota ya kai shi ya gani, da abokansa a wurin. Baba ya shiga ɗaki ɗaki, ya fito, ya tsaya yana kallon gilasan gaban gidan. Sai ya ce, "Ya yi kyau daga titi. Masu wucewa ka gina wa?" Abokan suka yi dariya. Yaya ma ya yi, amma na ga fuskarsa ta canza. Ina jin tun ranar ya ƙudura sai ya nuna wa Baba cewa zamani ya wuce shi.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti a Kano, Inna tana jinya, suka yi wajen wata biyu tsakanin asibiti da gidan 'yan uwa ana gasa masa ƙafa. Ana cikin haka Yaya ya kira ni.

"Ina so kafin Baba ya dawo a rushe tsohon soron nan a yi masa ɗaki na mutunci. Mutane za su riƙa zuwa dubiya. Abin kunya ne a ce muna raye ubanmu yana kwance a ɗakin laka."

Ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na ji daɗin maganar. Ni ma malamar makaranta ce, ni ma ina da ƙawayen da nake jin nauyin su ga ɗakin. Na ce masa ya yi tunani mai kyau. Ni na zaɓi launin tayil ɗin.

Goggo ce kaɗai ta tsaya. "Ku jira mai ɗaki mana. Bakinsa ne ya karkace, ba hankalinsa ba."

"Goggo, so muke ya zo ya gani kawai, ya yi farin ciki," in ji Yaya.

Soron nan Baba ya gina shi da hannunsa shekarar da ya auri Inna. Kaurin bangonsa ya kai kamu guda, rufin azara ne da ƙasa, da ƙananan tagogi can sama. Da bazara in ka shiga kamar ka leƙa cikin randa. Ƙofarsa daidai take da ƙasan tsakar gida, ba hawa ba sauka. Ina tsaye aka sa masa diga. Digar tana dukan bango tana dawowa. Ɗaya daga cikin leburorin ya share gumi ya ce, "Hajiya, wannan gini ba ya son faɗuwa." Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Ranar da aka dawo da Baba, da azahar ne. Aka fito da shi daga mota, Yaya yana riƙe da shi ta ɓarin da ya mutu, sanda a hannunsa na hagu. Yana jan ƙafa a hankali har suka shigo tsakar gida. Sai ya tsaya.

"Baba, ga ɗakinka," in ji Yaya.

Matakala uku masu santsi. Rufin kwano a daddafe kan gajeren bango. Taga guda ɗaya, ƙatuwa, ta gilashi, tana kallon yamma sak. Duk abin da ya shekara hamsin yana hana mutane, mun tattara mun yi masa a ɗaki ɗaya. Inna ta kalle ni, na kau da kai.

Baba ya daɗe yana kallo. Magana tana yi masa nauyi a lokacin, sai ya tattaro ta. Ya ce, "Azarata?"

Yaya ya ce ai sun tsufa, leburori sun kwashe sun yi itace.

Na jira faɗan. Mutumin da ya tsare Alhaji a filinsa, wanda bai taɓa ganin karkataccen bango ya yi shiru ba. Da ya zage mu da na sami sauƙi. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Allah Ya yi albarka." Maza biyu suka ɗaga shi suka haye matakalar da shi.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa Baba yana iya jan jiki da sanda. Da soronsa yana nan da ya riƙa fita zaure da kansa, ya kai masallacin ƙofar gida. Amma tayil da sanda ba sa shiri. Sati na uku ya zame wajen alwala ya bugu a ƙugu, daga nan bai ƙara sauka matakalar nan ba sai an sami masu ɗaukarsa. Jam'i ya gagare shi. Abokan hirarsa tsofaffi ne, su ma hawan yana ba su wuya, suka riƙa gaishe shi daga ƙasa suna wucewa. Na'urar sanyi kuwa sai da wuta, wutar kuma kowa ya san halinta. Yaya ya kawo janareta, ƙararsa da hayaƙinsa suka hana Baba sakat, ya ce a kashe. Inna ta roƙe shi ya koma ɗakinta, wanda shi ma na ƙasa ne, ginin hannunsa. Ya ƙi. Ya ce kada a ce yaro ya yi masa abu bai gode ba.

Wata rana da bazara na zo bayan an tashi daga makaranta, wajen la'asar. Inna ta jiƙa zane ta rataya a tagar, har ya bushe. Tana zaune tana yi masa fifita, ita ma gumi yana ɗiga ta haɓarta. Baba yana kwance, rigarsa ta manne a jiki. Ya miƙo hannun hagu ya kama nawa, ya ɗora tafina a bangon yamma. Sai da na janye don zafi.

"Kin ji?" ya ce.

"Na ji, Baba."

Ya nuna waje da haɓa. "Rumfa. Nan. Zana."

Ko a wannan hali bai ce mun yi kuskure ba. Gyara yake ba ni, irin wanda yake ba kowane mai gini: a kafa rumfar zana a bayan bangon ta tare rana. Na je na faɗa wa Yaya. Ya ce zana za ta ɓata fuskar ginin, a bari bayan Salla zai sa a yi rumfar ƙarfe mai kyau. Salla ta zo ta wuce. Wata Sallar ma ta zo.

Dirka huɗu ce da zana biyu. Ana sayar da su a kasuwa, ina wuce su kullum. Ba abin da ya hana ni in saya in sa a kafa sai gudun ɓacin ran Yaya, kada ya ce na raina aikinsa. Na auna fushin yayana da zafin da ubana yake kwance a ciki, na zaɓi in kiyaye fushin. In ina jin haushin matar da ta yi yabon tayil, da Alhaji, da Yaya, to wannan shi ne haushin da ya fi kowanne, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Baba ya cika ranar wata Alhamis bayan azahar, a tsakiyar bazarar bana. Ban ce ɗaki ne ya kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare, ko a ina yake sai ya tafi. Amma shekara biyun ƙarshe na mutumin da ya sanyaya wa ɗaruruwan mutane makwanci, a cikin tanda ya yi su, kuma 'ya'yansa ne suka hura wutar.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya shigo ɗakin Inna, ina ciki, Goggo ma tana nan. Ya zauna a bakin ƙofa ya gai da Inna, sannan ya ce:

"Inna, tunda damina ta matso, kuma ba mai yi wa ɗakin nan yaɓe yanzu, ina ganin ki koma na Baba. Wannan sai a sauke shi a yi miki irin wancan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba tun da aka haife ni.

"Ba za a taɓa shi ba, Yaya."

"Da ke nake magana?"

"Wancan da ni aka yi, har tayil na zaɓa. Wannan ba da ni ba. Ka taɓa wuni a ɗakin can? Sau nawa ka zauna a ciki ka kai la'asar? Kullum a tsaye kake gaishe shi ka fito kana share wuya."

"Ni da na kashe abin da na kashe don in mutunta shi, yau ni ne mai laifi?"

"Ni da kai ne. Rumfar zana ya roƙa. Zana, Yaya!"

Ya juya wajen Inna yana jiran ta tsawatar mini. Inna tana takaba, muryarta ba ta fita sosai. Ta ajiye carbi ta ce, "Ɗana, na san alheri ka nufa, shi ma ya sani, shi ya sa ya yi shiru. Ni ba zan iya irin shirunsa ba. A ɗakin nan na haife ku. Ranar da ka kawo masu diga, ka ce su fara da ni."

Yaya ya tashi ya fita. Har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, ita ma a taƙaice.

Maganar yaɓe kuwa gaskiya ya faɗa, saura kaɗan mu rasa mai yi. Duk Gumel masu bulo ne. Sai da maigidana ya je har Ɗanzomo ya samo wani dattijo da suka yi aiki tare da Baba, ya zo ya yi kwana uku yana gyara rufin da bakin indararo. Da ya gama ya leƙa sabon ɗakin, ya kalli tagar, ya kalli matakalar, ya tambaye ni wa ya kwana a nan. Na faɗa masa. Ya sa takalmansa ya tafi.

Damina ta zo ta wuce, ɗakin Inna ko ɗigo bai yi ba. Na Baba kuwa ba mai kwana a ciki. An sauki baƙi sau ɗaya, washegari suka nemi tabarma a zaure. Yanzu Goggo ce take shanya kuɓewa a kan tayil ɗin. Ta ce wuni ɗaya take bushewa.

Ya Allah, bawanKa ya zo maKa daga zafi. Mu da ya haifa ba mu yi masa inuwa ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa shi.